Gona ko Fadama: Ina Mai Kallon Tsuntsaye Zai Nufa a Lokacin Hunturu?

Daga ƙarshen watan Oktoba, lokacin da aka kwashe gero aka fara shirin yankan dawa, iskar hunturu kuma ta soma kaɗawa daga gabas, ƙasar Hausa takan karɓi waɗansu baƙi waɗanda yawancinmu ba ma lura da isowarsu. Tsuntsaye ne da suka yi sheƙa suka ƙyanƙyashe 'ya'yansu a Turai da yammacin Asiya, sa'an nan da sanyi ya toshe musu hanyar abinci suka ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara suka zo cin rani wurinmu, kamar dai yadda samarinmu kan bar ƙauye su shiga birni idan aikin gona ya ƙare. Sukan zauna har watan Maris ko Afrilu kafin su juya. Shamuwa, wadda kowane yaro ya san zuwanta albishir ne na damina, a wannan lokaci ta riga ta yi kudu, amma a watannin sanyin nan ne ake ganin ire-iren tsuntsayen da ba a ganinsu a sauran shekara.

Mai sha'awar kallonsu yana da wurare biyu da zai iya nufa. Akwai gonakin tudu da aka girbe, masu kututturen kara da itatuwa jefi-jefi, akwai kuma fadamun bakin kogi inda ruwan ambaliya ke janyewa a hankali yana barin tafkuna da laka. Ba kowa ne ke da lokaci da kuɗin zagaya duka biyun yadda ya kamata ba, shi ya sa zaɓin yake da muhimmanci. Zan faɗi matsayina tun da fari domin mai karatu ya auna shi da hujjojin da za su biyo baya. Wanda yake da kwana biyu ko uku da kuɗin mota, yana kuma son ya ga abin da zai daɗe yana ba da labarinsa, to ya nufi fadama. Wanda yake so ya iya sana'ar kallon kanta, ya san tsuntsu daga tsayuwarsa da tashinsa, to ya fara da gona, kuma a ganina masu wannan sha'awa sun raina gona fiye da kima.

Idan ana maganar fadama a arewacin Nijeriya, ta Haɗeja da Nguru ce uwa. Kogin Haɗeja, wanda ke samun ruwansa daga kogin Kano da na Calawa, da kogin Jama'are da ke gangarowa daga tuddan Jos, suna shiga wani shimfiɗaɗɗen fili mai tsofaffin tuddan rairayi, inda ruwan ke rasa hanya guda ya rarrabu cikin magudanai da tafkuna, kafin ya sake haɗuwa a wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe mai nufar Tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sanya ƙarƙashin yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar, a shekarar 2000, kuma a 2008 aka ƙara da Baturiya ta ƙaramar hukumar Kirikasamma a jihar Jigawa da tafkin Dagona na ƙasar Bade a jihar Yobe. Dagona tana cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, kuma sunanta ya yi nisa har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya ziyarce ta a 1989. An rubuta fiye da nau'in tsuntsu 370 a wannan yanki, kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa da aka yi a watan Janairu a tsakiyar shekarun 1990 ta riƙa haura 200,000, a 1997 ma ta wuce 300,000.

Abin da fadama ke bayarwa wanda gona ba za ta taɓa iya bayarwa ba shi ne wannan yawa. Wanda ya tsaya bakin tafki da asuba a watan Janairu zai fara jin fito kafin ya ga komai, wato kukan ƙirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska da ke tashi garke-garke tana ta fito a sama. Da gari ya waye sai ya ga dinya, wadda babu agwagwar daji a Afirka da ta kai ta girma, da zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, da balbela, da zakaran ƙeƙuwa mai tona asirin duk wanda ya matso da ƙararsa, da tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado kamar mai taka tabarma. Waɗannan duk 'yan gida ne, kuma ko su kaɗai sun isa a yi tattaki dominsu.

Baƙin kuwa su ne suke cika ido. Akwai wata ƙaramar agwagwa da littattafan tsuntsaye ke kira gargani, wadda da kyar take kai rabin kilo, kuma kusan dukkan danginta kan bar Turai a lokacin sanyi. A Afirka ta Yamma manyan masaukanta uku ne: bakin kogin Senegal, da fadamar kogin Kwara ta tsakiyar Mali, da yankin Tafkin Chadi wanda Haɗeja da Nguru ke cikinsa. Akwai agwagwa mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Akwai raf, tsuntsun laka mai matsakaicin baki, wanda namijinsa ya fi tamatar girma ƙwarai har sabon shiga kan ɗauka nau'i biyu ne yake gani. A can arewacin Turai namijin kan fitar da wani tulin gashi a wuya lokacin neman aure, a wurinmu kuwa ba ya da shi, sai dai a gan shi cikin dubban 'yan'uwansa suna tsintar shinkafar da ta zube a gonakin da aka yanke. Sama da kan ciyawa kuma shahon fadama yana shawagi a hankali, fikafikansa a ɗage, duk inda ya ratsa sai garken agwagi ya tashi gaba ɗaya ya yi duhu a sama. A irin wannan tashi ne ake koyon ƙiyasi, domin ba mai iya ƙirga su ɗaya-ɗaya: mutum ya ƙirga goma ya ga faɗin da suka ci, ya auna ɗari da wannan faɗin, sa'an nan ya riƙa yanka garken ɗari-ɗari da ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

To amma fadama tana da tsadarta, kuma ba ta kuɗi kaɗai ba. Matsala ta farko ita ce nisa. Agwagin daji sun san mafarauta, saboda haka sukan zauna can tsakiyar ruwa, inda ƙaramin madubin hangen nesa na hannu ba zai nuna komai ba sai ɗige-ɗige masu launin ƙasa. Idan kuma hazon hunturu ya sauka, ko babban madubi mai ƙafa uku ba ya raba gargani da wata agwagwar. Daɗin daɗawa, namijin gargani ba ya fitar da farin layin nan na saman ido wanda ake gane shi da shi sai wajen watan Fabrairu, kafin nan shi da tamatar kusan kamarsu ɗaya. Sabon shiga kan dawo daga irin wannan tafiya cike da mamaki, amma idan aka tambaye shi me ya gani sai ya ce agwagi da yawa.

Matsala ta biyu ita ce ruwan kansa, wanda yanzu ba damina kaɗai ke hukunta shi ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, faɗin ambaliyar ya ragu ƙwarai, kuma lokacinta ya dogara har da yadda ake sakin ruwa daga madatsun. A watan Nuwamba ruwan kan yi faɗi, tsuntsaye su warwatsu, hanyoyin ƙauyuka kuma ba su gama bushewa ba. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu ne ruwan ke tsukewa ya tara tsuntsaye a wurare kaɗan, kuma wannan ne lokacin zuwa. Bayan nan ƙananan tafkuna kan ƙafe, kuma tafki ƙarami irin na Dagona yana iya cika bana ya yi ƙaranci baɗi, don haka wauta ce a kama hanya ba a tambayi mutanen wurin halin da ruwa yake ciki ba. Sakin ruwa duk shekara ya kuma haifar da ciyawar kacalla, wadda ta fi mutum tsawo, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama makwancin tsuntsayen jan-baki masu cinye wa manoma shinkafa da gero. Ga mai kallo, kacalla bango ce: tsuntsaye suna bayanta yana jin kukansu, amma ba ya ganinsu sai ya shiga kwalekwale. Wannan na nufin hayar jirgi, da neman masunci ko ɗan gari da ya san mashigai, da takardar izini daga ma'aikatan gandun daji a wuraren da ake karewa.

Sai kuma batun lafiya, wanda bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Ruwan kwance na fadama yana ɗauke da tsargiya, saboda haka kada a shiga shi da ƙafa ba takalmin roba. Sauro yana nan ko da sanyi, mai kwana ya tafi da gidan sauro. Rigar kariya daga nitsewa wajibi ce a cikin kwalekwale. Kada kuma a taɓa mataccen tsuntsu ko maras lafiya, domin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a wata gonar kaji a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, ba ta bar ƙasar ba. Abu na ƙarshe da zan gargaɗi mai tafiya a kai shi ne kada ya sa rai da gauraka. Ita ce tsuntsuwar da ake ɗauka a matsayin alamar ƙasar Nijeriya, kuma da can ana ganinta a waɗannan fadamu, amma kamu don sayarwa da ɓacewar makwancinta sun sa ganinta a daji yanzu ya zama abin sa'a ƙwarai, abin da ke ɓata mini rai duk lokacin da na ga hotonta a bango.

Gona ba ta da irin wannan kwarjini. Wanda ya shiga gonar gero a watan Disamba karon farko zai ga kara da ƙura da awaki, ya ce babu komai. Kuskurensa shi ne sauri, da kuma rashin sanin itacen da zai tsaya a gindinsa, domin a gonar tudu itace ne ke tara tsuntsu kamar yadda ruwa ke tara shi a fadama, kuma ba kowane itace ba. Darbejiya da turare, duk da inuwarsu, kusan ba su da amfani ga baƙin tsuntsaye masu cin ƙwari, saboda ƙwarin da ke zama a ganyensu kaɗan ne. Itatuwa masu ƙaya su ne abin nema: aduwa, da bagaruwa, da magarya, sama da duka kuma gawo. Gawo itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa, yakan zubar da ganye da damina ya fitar da sabo da fure a farkon rani, daidai lokacin da baƙin suke isowa a gajiye daga hamada. Furensa na jawo ƙwari, ganyensa na ɗauke da tsutsotsi, kuma gawo guda babba yana iya riƙe ƙananan tsuntsaye iri uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Wannan ne ya sa gonakin jihohin Maraɗi da Damagaram a Nijar, inda tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tsiron itace yana girma a gona maimakon sassabe shi, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, suka zama wuri mai kyau ga mai kallo. Manomin ya bar gawo ne don takin da ganyensa ke zubarwa da 'ya'yan da dabbobi ke ci, tsuntsun Turai kuma ya samu masauki a ciki.

A ƙasa, kan kunya ko tarin dutse ko gidan gara, za a ga wani ɗan tsuntsu mai tsayuwa a miƙe, wanda idan ya tashi sai farin gindin wutsiyarsa ya haska. Shi ne witiya. Nauyinsa kimanin giram 25 ne, amma waɗanda ke zuwa Afirka ta Yamma har da masu tasowa daga Girinlan da gabashin Kanada, suna ƙetare tekun Atlantika. A kan tsinin kara ko saman ƙaramin kurmi, musamman a gonakin da suka fi kusa da tsakiyar ƙasa, akwai wincat mai farin gira, wanda masu bincike na cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos suka sanya wa zobba masu launi a ƙafa, suka tarar da yawa daga cikinsu suna komowa ɗan yankin gonar da suka zauna bara. Wannan ita ce babbar falalar gona: baƙon da ke cikinta yana da mazauni, yana kare shi, kuma wanda ya gan shi yau zai same shi gobe da jibi a wuri guda. Ta haka ne ake koyo, domin tsuntsun da aka kalla sau ashirin a haske daban-daban ba ya sake rikita mutum. Akwai kuma wani mai jan ƙeya da baƙin rufin ido, mai ƙugiyar baki, da ke zama a saman ƙaya yana faɗowa kan fara, wani lokaci ya soke ta a jikin ƙaya ya ajiye. Inda makiyaya suka shigo da shanu cin kara, ƙananan tsuntsaye masu ruwan ɗorawa da ke kaɗa wutsiya sama da ƙasa sukan bi ƙafafun shanun tare da balbela suna cafke ƙwarin da kofato ya tayar.

Cikin magarya da sauran sarƙaƙiya akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro wanda labarinsa ya kamata kowane Bahaushe mai wannan sha'awa ya sani. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka ga fiye da rabin waɗanda suka saba dawowa ba su dawo ba, kuma da aka bi diddigi sai aka gano cewa ƙarancin ruwan sama na 1968 a yankin Sahel ne ya kashe su, wato farkon farin nan da ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970. Tsuntsun da ke tsalle a magaryar bayan gari ya sha wahalar da kakanninmu suka sha, kuma ƙidayarsa a wata nahiya ta nuna alamar masifar tun kafin duniya ta farga da ita.

Masu farauta daga sama ma suna nan. Shahon Montagu, wanda namijinsa launin toka ne da baƙin bakin fiffike, yakan yi yawo ƙasa-ƙasa a kan saura da gonakin da aka girbe, kuma a lokacin zamansa a Sahel yawancin abincinsa fara ce, don haka abokin manomi ne. Da yamma ana iya ganin kurciyar Turai mai zanen baƙi da fari a gefen wuya tana zuwa shan ruwa, ita da yawanta ya faɗi warwas a yammacin Turai har aka sanya ta cikin jerin tsuntsayen da ke cikin haɗari a 2015. Tsakanin waɗannan baƙi ga 'yan gida da kowa ya san sunansu: kurciya, da bardo mai dogon bindi, da hasbiya, da cilakowa, da shaya mai sheƙi, da tsirya, da fakara, da gado, da baiwar Allah, da shirwa, da alhudahuda mai tukku, wanda yara kan yi murnar gani domin sun san shi daga labarin Annabi Sulaiman a Suratun Namli. Sanin sunayen 'yan gida da Hausa babban tsani ne ga mai koyo, saboda da su zai riƙa auna baƙo, ya ce wannan ya fi baiwar Allah girma amma bai kai kurciya ba. Burtu da tuje, waɗanda dattawa ke ba da labarinsu, sun yi wuyar gani a gonakin da ke kusa da garuruwa, ungulu ma da ta cika kasuwanni da mahauta ta ragu matuƙa.

Aibin gona shi ne tsuntsayenta ƙanana ne, yawancinsu masu launin ƙasa ko toka, suna ɓuya cikin ganye, kuma baƙin ba su cika rera waƙa a nan ba sai dab da tafiyarsu. Awa biyu na iya ƙarewa da nau'i ashirin ko talatin, ɗaya-ɗaya ko bibbiyu, ba tare da wani abin da zai sa gaba ya faɗi ba. Gonar da aka share ƙaf aka ƙone, ba itace sai darbejiyar bakin hanya, ba ta da abin nunawa. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi a wannan zamani na rashin tsaro: baƙon mutum da madubin hangen nesa da littafin rubutu a bayan gari abin zargi ne, kuma mutanen ƙauye suna da hujjar yin zargin. Wajibi ne a fara zuwa gaida mai unguwa ko dagaci, a bayyana abin da ya kawo mutum, a nemi izinin mai gona, a ba shi madubin ya duba da kansa. Kada a juya madubi wajen gidaje ko wajen mata a bakin rijiya. Yankin da aka san babu zaman lafiya kuwa a bar shi, ko da wane irin tsuntsu ne a cikinsa. Wannan ladabi ya shafi fadama ma, sai dai a can mutanen wurare irin su Dagona da Baturiya sun saba ganin masu ƙidaya da ɗalibai.

Idan aka jera su ta fuskar kayan aiki, gona ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Madubin hannu mai lamba 8x42, wato mai kusanto da abu sau takwas, ya wadatar, domin tsuntsun gona kan bari a matso shi har taku goma sha biyar ko ashirin idan an tafi a hankali, kuma a wannan tazara hazo ba ya hana gani. Fadama tana bukatar babban madubi, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin ɗalibai, sai dai a bi ayarin da ke da shi. Ta fuskar lokaci, gona tana hannun mutum: awa ɗaya bayan fitowar rana, lokacin da sanyi ya sassauta ƙwari suka fara motsi, ta isa, ya dawo ya tafi aiki. Fadama tana cin kwana biyu aƙalla ga mutumin Kano ko Katsina ko Zariya, domin dole a kwana kusa a yi sammako. Ga mai ɗaukar hoto, fadama ce ke ba da hoton garke a kan jan sararin asuba, gona kuma ke ba da hoton tsuntsu guda a kusa. Ga malamin da zai fita da ɗalibai ko uban da zai fita da 'ya'yansa, na fi son fadama a fita ta farko, saboda manyan tsuntsaye a fili su ne ke kama zuciyar yaro, alhali ba zai yi haƙurin neman ɗan tsuntsu cikin gawo ba, amma da sharaɗin a tsaya a gaɓa kada a sa yara cikin kwalekwale.

Akwai wuri na uku da ya ɗebo daga kowane ɓangare, wato gonakin noman rani. Filayen shinkafa da alkama na Kadawa da Kura da ke shan ruwan Tiga, da na Auyo a kwarin Haɗeja, da fadamun kogin Rima a wajen Sakkwato da Argungu, da gefen tafkin Madarumfa kusa da Maraɗi, duk suna da laka da ruwa marar zurfi a gefe guda, da kunya da itatuwa a ɗaya gefen. Ba za a ga dubban agwagi a nan ba, amma za a ga raf da sauran tsuntsayen laka a kusa, da masu kaɗa wutsiya, da shahon fadama, ana tsaye a kan busasshiyar hanya. Wanda yake son ya koyi tsuntsayen ruwa kafin ya kashe kuɗin zuwa Nguru, nan ya kamata ya fara.

Wani abin da ke ƙara karkata ni wajen gona shi ne amfanin abin da mutum zai rubuta. Manyan fadamu suna da masu ƙirga su, domin kowane watan Janairu ana yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, kuma Haɗeja da Nguru na cikin wuraren da ake zuwa. Gonakin tudu kuwa, duk da su ne suka fi faɗi a ƙasar Hausa, masu duba su kaɗan ne. Shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015 ya raba ƙasar zuwa murabba'ai masu kimanin kilomita 9 a kowane gefe, yana karɓar jerin abin da 'yan sa kai suka gani ta manhajar waya irin BirdLasser, kuma jerin da ɗalibi zai aiko daga gonakin ƙauyensu yana iya zama na farko ko na biyu da aka taɓa samu daga wannan murabba'i. Yana da kyau kuma a riƙa tambayar manoma da masunta da mafarauta sunan da suke kiran kowane tsuntsu a rubuta, saboda sunayen kan bambanta daga gari zuwa gari, kuma da yawa suna bakin tsofaffi ne kawai.

Da za a ce in tsara wa mai farawa hunturu guda, da sai in ce ya zaɓi gona mai gawo ko aduwa da ba ta fi tafiyar rabin awa daga gidansa ba, ya riƙa bin hanya guda sau ɗaya a mako daga Nuwamba, rana tana bayansa, yana rubuta kwanan wata da abin da ya gani da itacen da ya gan shi a kai. A Disamba ya ƙara da fita biyu ko uku zuwa gonakin noman rani mafi kusa. A tsakiyar Janairu ko farkon Fabrairu, bayan ya tambayi halin ruwa da na hanya, ya yi kwana biyu a Haɗeja ko Nguru ko Gashuwa, in da hali tare da masu ƙidaya domin ya samu duba babban madubinsu. Daga nan ya koma gonarsa, domin a watan Maris ne baƙin ke tara kitsen da za su ƙetare hamada da shi, mazan su fito da launinsu sosai, waɗansu har su fara gwada waƙa. Ya ci gaba da zuwa har ranar da zai tarar da dutsen da witiya ke tsayawa a kai babu kowa, ya rubuta wannan kwanan wata, ya kuma rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa a kan kukar gari.